Jikana Muhyiddeen da Kwalaben da Ya Bar Mini

Mai karatu, kafin in ce komai bari in yi maka tambaya, tunda ni da tatsuniya aka san ni. Wata uwa ce, kowa na aika mata saƙon da yake jin kunyar kaiwa da hannunsa. Ba ta taɓa korar ɗan aike ba, ba ta taɓa cewa ya isa haka ba. In ta ƙoshi, ita ba ta mutuwa, 'ya'yanta ke mutuwa. Wace ce? Riƙe ta a ranka. Ba tawa ba ce, ta wanda nake yi wa wannan rubutu ce.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga Janairu na shekarar 2025, daidai da sha huɗu ga watan Rajab, bayan sallar la'asar, Allah ya karɓi ran jikana Muhyiddeen Alkasim a wani asibiti a nan Kuala Lumpur, bayan zazzaɓi na 'yan kwanaki. Ya bar matarsa Nuriyya, da 'yarsa Halimatu wadda ko zama ba ta fara ba. Ya bar ni kuma, Barira, kakarsa ta wajen uba, da kowa ke kira Gwaggo. Abokan karatunsa sun yi nasu rubutun da Turanci, an karanta mini, na ji daɗi ko da yake rabinsa ya wuce ni. Ni bokona na ajin yaƙi da jahilci ne a Gwammaja. Wanda ya ga gyara ya gyara a zuciyarsa.

Muhyiddeen, maigidana, ka yi mini rashin kunyar da ba ka taɓa yi ba. Tun kana ɗan mitsitsi kake zuwa ƙofar ɗakina kana cewa, "Tsohuwa, yaushe ne za ki tafi mu sha gumba?" Ni kuma in ce miji marowaci irinka ko ƙullin farko ba zai samu ba. Shekara talatin da wani abu muna wannan. Kowa ya san yadda tsarin yake: kaka ta tafi, jikoki su yi wasa, su wawashe gumbar sadaka, a yi dariya cikin kuka. Ba wanda ya taɓa koya mini abin da kaka ke yi in jikan ne ya riga ta. Na tambayi kaina, na tambayi tsofaffin gida ta waya, kowa sai ya ce a yi haƙuri. Haƙurin na sani. Abin yi nake tambaya.

Da aka ce gwamnati ta ɗauki nauyinka zuwa Malesiya karatun da ake zama dakta, ba gidan da ban shiga ba a unguwa. Na ce jikana zai zo ya riƙa duba ku. Ba ka gyara mini ba, ɗan nema, sai da Nuriyya ta haihu ka aiko aka sa ni a jirgi in zo wankan jego, tunda tata uwar Allah ya yi mata rasuwa. Na zo unguwar Setapak, aka cusa ni a lif aka kai ni hawa na sha huɗu, inda in na leƙa ƙasa nake ganin mutane kamar kiyashi. Washegari na ga ka shigo da takalman roba har gwiwa, taɓo har a gemu, kana wani wari da ba zan rubuta shi a takardar ta'aziyya ba. Na ce, "Maigida, wane irin asibiti ne wannan?" Ka ce, "Amarya, marasa lafiyata a kwata suke." Daga ranar na raɗa maka Daktan Kwata, kuma sunan ya bi ka har masallaci.

Sai a hankali na gane aikin, in ma na gane. A ƙasar nan ƙauyuka da ƙananan unguwanni da yawa kowanne na da ɗan gidan wanke ruwansa, loji suke ce masa. Wani ɗan fili ne da aka kewaye da waya, da tafkuna na siminti, da inji mai ta burga ruwa kamar ana kaɗa nono. Duk abin da ya fito daga bayan gida da wurin wanke-wanke can yake taruwa. Ya shiga baƙi ƙirin, ya fito fari, a sake shi a rafi ya wuce. Kai kuma kana bin sa a baya da kwalabe, kana ɗiba a bakin bututu, kana ɗiba a rafi, kana ɗiba a inda rafin ya ƙare, ka ga me ya rage a cikinsa. Wani ƙauyen masunta a gaɓar Selangor shi ne wurinka. Na ce maka mu a Kano Jakara muke aika wa namu, kuma da ita ake ban-ruwan latas, ba wanda ya yi dakta a kai. Ka ce ai shi ya sa kake so ka koma gida.

Na taɓa tambayarka kai tsaye, wannan lojin alheri ne ko sharri? Ka ce alheri ne, ba don shi ba da amai da gudawa sun kwashe yaran ƙauyen. Na ce to madalla, a bar shi. Ka ce amma yana wanke ƙazantar ne ya bar takin a ciki, kuma ƙauyen ya girma shi bai girma ba, in an yi ruwan sama mai yawa sai ya kasa. Takin nan in ya taru a gaɓa sai gansakuka ta yi yawa, in ta ruɓe ta shanye numfashin ruwan. Na ce ruwa ma numfashi yake yi? Ka ce ƙwarai. Na ce to sharri ne ke nan, a rufe shi. Ka ce a'a, ba ki ji farkon maganata ba? Ka kuma ƙara da cewa ba ka ma tabbata shi ne mai laifin ba, akwai gonaki a sama, akwai masu kiwon jatan lande. Na ce yaro, ka tashi ka ba ni wuri, kaina ya fara juyawa. Har yau bai tsaya ba.

Mutanen ƙauyen da wata 'yar halitta suke rayuwa, kerang, mai ɓawo biyu, cikin taɓon gaɓa take zama. Ita ce gonarsu. Shekaru kaɗan da suka wuce ta fara mutuwa, su tona su tarar da ɓawo a buɗe ba komai ciki. Ƙauyen ya rabu, wasu na cewa lojin ne, wasu na cewa ƙarya ne. Ka yi wa wani dattijonsu, Pak Zaid, alkawarin ba za ka bar ƙasar ba sai ka kawo musu magana mai hujja da za su kai gaban hukuma. Ka ce mini yana kama da kakanka marigayi, har yadda yake tsuke baki in zai yi gardama.

Ba kwata kaɗai ka sani ba, kar mai karatu ya ɗauka haka. Da na ce ba na wankan jego sai da ganyen darbejiya, kowa ya ce a haƙura, nan ba Kano ba ce. Kai ka fita ka yi ta yawo har ka gano wata tsohuwa Ba'indiya mai bishiyar a bayan gidanta, kullum sai ka biya ka karyo mini kafin ka wuce makaranta. Duk sabon ɗalibi ɗan Arewa da ya sauka, kai ne mai zuwa filin jirgi, kai ne mai nemo masa ɗaki, kai ne mai nuna masa shagon abincin da suke kira mamak, inda ba za a zuba masa barkonon da zai raba shi da hankalinsa ba. Ranar Lahadi kakan kai ni bakin tafkin Titiwangsa, ka riƙe mini hannu muna tafiya a hankali, in mutane sun kalle mu ka ce musu da Turanci wai matarka ce ta fari. Ni kuma in yi fari da ido. Kalma uku ka koya mini, makan wato cin abinci, da boleh wato ba laifi, da tapau wato a ƙulle mini in tafi da shi, ka ce da su kaɗai mutum ba zai kwana da yunwa a garin nan ba. Gaskiyarka.

Akwai ɗan ƙaramin firiji a lungun falo, ba na abinci ba. A nan kake daskarar da kwalabenka in ka dawo daga ƙauye ranar Asabar, kafin ka kai su ɗakin gwaji a makarantarku ta Jalan Semarak. Wata rana Malam Usaini, shugaban ƙungiyar ɗalibanmu, ya shigo da ƙishirwa, ka shiga ciki sauya riga. Ya buɗe ɗan firijin nan ya ɗauko wadda ba ta gama daskarewa ba. Ina zaune ina kallo. Allah ya gafarta mini, ban ce uffan ba, ina so in ga iya gudun ruwansa. Ya murɗe murfi, sai ga ka ka fito kamar an harbo ka, kana ihu, "Malam, ajiye! Ta bakin bututu ce, ba ni da wata!" Ba cikin bawan Allah ya dame ka ba, kwalbarka ta dame ka. Da ka juyo kaina na ce ni a gidanmu ba a hana baƙo ruwa. Malam Usaini bai sake shan ko shayi a gidan nan ba.

A wajen wankan jegon ne ka yi mini kacici-kacicin can. Ina zubar da ruwan ganye a makwarara, ka tsaya a ƙofa ka ce, "Amarya, ke da kike taƙama ba a kayar da ke, karɓi wannan." Na ce masai ne. Ka ce masai ai yana cewa ya isa, cika yake yi. Na ce ƙasa ce. Ka ce ƙasa in ta ƙoshi 'ya'yanta ƙiba suke yi. Na ce kabari. Ka ce subhanallahi, wa ke jin kunyar kai gawa? Ka ce in ba ka gari ka faɗa mini, kamar yadda ake yi in mutum ya gaza. Na ce ko Ungogo ba zan ba ka ba, bare Kano. Kullum da safe sai ka miƙo hannu, "Garina fa?" Ni kuma in kaɗe hannun. Na ɗauka muna da lokaci.

Ranar Asabar ɗin zuwanka na ƙarshe ka tafi ƙauye ana tsuga ruwa, ka ce irin ranar da kake jira ke nan, ɗibar da za ta cika maka aikinka. Ka dawo jiƙe sharkaf kana murna. Kwana biyu zazzaɓi ya kama ka. Na ce ga irinta nan, wata nawa ina faɗa maka ƙazantar nan za ta ci ka. Sai likita ya ce ba ita ba ce, wai denggi ne, cizon wani sauro. Kuma wai shi wannan sauron ba ya ƙwai a kwata, sai a ruwa mai tsabta, irin wanda ke kwanciya a gindin tukunyar fure. Na sa Nuriyya ta sake tambayarsa, ko fassarar ce ta karkace. Ya maimaita. Mutum ya shekara huɗu yana kutsawa cikin najasa ba ta yi masa komai ba, ruwa mai tsabta ya aiko masa da ajali. Ikon Allah ne, na sani. Amma ni dai ban gane ba.

Da aka bar ni na shiga wurinka, na zauna ina jiran maganar da akan riƙe. Na ɗauka za ka ce ga amanar Halimatu, ko ka ce in gai da babanka. Ka buɗe ido ka dube ni ka ce, "Tsohuwa, kar ki bari a kashe firijin nan." Na ce me? Ka sake faɗa. Daga nan sai kalmar shahada, alhamdulillahi, da ita ka cika. Amma maganarka ta ƙarshe da ni, wadda na goya ka, ta firiji ce.

An yi maka sutura a nan, cikin ƙasar mutane, ja kamar ta tukwane. Maƙwabtanmu Malayawa sun yi mana abin da dangi ke yi, sun cika gidan da abinci da addu'a. Ranar sadakar uku na ɗauko ragowar geron da na zo da shi don kunun mai jego, na jiƙa, na niƙa a injin markaɗe tunda ba turmi, na yi gumba. Sai da na gama dunƙulawa na tsaya da faranti a hannu. Wa zan ba? Abokanka manya ne, suka ɗauka da ladabi suna sunkuyar da kai. Ba wanda ya wawura, ba wanda ya ce mini rowa. Ban taɓa ganin gumba ta yi kwantai ba sai ranar.

Daga nan aka shiga maganar kaya. Takardun zamanmu ni da Nuriyya a kan karatunka suke rataye, dole mu tattara mu koma, a mayar wa mai gida makullinsa. Malam Usaini da abokanka suka zo suna haɗa littattafai da tufafi. Da aka zo kan ɗan firijin, ya ce wannan ai najasa ce, ba dukiya ba ce bare ta shiga gado, a narkar a zuba a bayan gida, a ba wani ɗalibi firijin. Bai faɗi ƙarya ba. Ni kaina ban san me ke cikin kwalaben ba, ban san ko suna da sauran amfani tunda mai su ya tafi ba. Abu ɗaya na sani, ka ce kar a kashe. Na jawo kujera na zauna a gabansa. Malam Usaini ya ce, "Gwaggo, ki yi wa Allah ki tashi." Na ce, "Malam, ka taɓa kusa shan ta ban hana ka ba, yau kuwa ko taɓa ta ba za ka yi ba." Na ji suna raɗa a baranda wai mutuwar ta taɓa mini kai. Wataƙila ma haka ne. Tsohuwa mai shekara saba'in da ɗori tana gadin kashin mutanen da ba ta taɓa gani ba.

Nuriyya ce, daga cikin takabarta, ta tuna da Surayya, wata 'yar Zariya da kuke ɗakin gwaji ɗaya. Aka kira ta. Da ta buɗe firijin ta karanta rubutun jikin kwalaben sai ta fashe da kuka. Ta ce ɗibar ranar ruwan sama ce, ita kaɗai ta rage, kuma da sun narke shi ke nan, sai wata daminar, ga shi ba mai komawa. Ta zo da kula cike da ƙanƙara. Na ce ni zan ɗauka. Haka muka shiga motar haya, ni da hijabina da kula a cinya, har Jalan Semarak. Mai gadin ƙofa ya leƙo ya yi murmushi ya ce, "Makan?" Na ce masa, "Boleh." Surayya ta toshe baki. Ranar na fara jin dariya ta taso mini tun tafiyarka, sai kuma ta juye ta zama wani abu.

Malamarku da Surayya suka yi gwajin, suka haɗa da na baya. Na zaci za a ce mini ga mai laifi, a kama shi. Surayya ta ce lojin yana aikinsa a ranakun rani, amma in ruwa ya yi yawa yana amayar da abin da ya fi ƙarfinsa, kuma kaso mai yawa na takin da ke isa gaɓar daga gare shi ne. Ba shi kaɗai ba ne, amma yana ciki dumu-dumu. Ba rufe shi ake so ba, a faɗaɗa shi ake so. Na ce wato maganar maigidana dai, alheri ne kuma sharri ne. Ta ce haka ne, sai dai yanzu akwai hujja a rubuce.

Bayan arba'in muka kai wa Pak Zaid takardar, don alkawari kaya ne. Ashe ba wanda ya gaya masa. Yana hango motar ya taso yana leƙen kujerar baya, yana kiran sunanka yadda bakinsa ya iya. Surayya ta faɗa masa da yarensu. Ya cire hularsa ya zauna a kan wani kwale-kwale da aka kife. Lallai yana tsuke baki irin na kakanka. Da ya miƙe sai ya yafito ni. Ba na jin nasa, ba ya jin nawa, na bi shi. Ya nuna mini lojin a bayan waya, ɗan ƙarami, bai kai tsakar gidanmu na Gwammaja ba. Ya nuna mini bakin bututun. Ruwan da ke fita garau yake, wallahi da ban sani ba sai in yi alwala da shi. Muka bi rafin ta kan wata gadar katako, cikin bishiyoyin nan masu tsayuwa a kan yatsu cikin taɓo, har inda rafin ya ƙare. Ya sunkuya ya cusa hannu a taɓo ya ɗebo ya buɗe mini tafinsa. Ɓawo ne zalla, duk a buɗe. Na ɗaga kai na dubi abin da ke gabanmu, ba iyaka, shiru, yana ta karɓar rafin nan ba ya cewa komai. Na daɗe a tsaye har Surayya ta zo ta kama ni.

Mutanen ƙauyen sun kai takardar gaban hukuma da sunanka a samanta. An ce za a duba. Ko za a duba, ko kerang za ta dawo, ni ba zan gani ba, jibi jirginmu zai tashi. Firijin na kashe shi da hannuna bayan an kwashe komai, na wanke shi da sabulu har sau ba adadi, na ba Malam Usaini. Ya karɓa, amma na ga bai yi godiya da ƙarfi ba.

Ya Allah, ga Muhyiddeen nan ya zo maka baƙo daga ƙasar baƙunci. Ka jiƙansa, ka yafe masa, ka yalwata masa makwancinsa, ka wanke shi fiye da yadda ya so a wanke wa bayinka ruwa. Ka sa wahalar da ya sha cikin taɓo ta zama sadaka mai gudana. Ina yi wa ɗana Alkasim da mahaifiyar yaron ta'aziyya, da ƙannensa, da Nuriyya wadda ta yi haƙurin da ya fi shekarunta. Allah ya raya Halimatu, ya sa ta san ko waye ubanta. Ina yi wa Surayya da malamarsu da Malam Usaini da dukan 'yan Arewa na Setapak ta'aziyya, da Pak Zaid da mutanen ƙauyensa. Allah ya ba mu haƙuri, ya sa namu ƙarshen ya yi kyau.

Kai kuma maigida, ka sani garin nan har yanzu ban ba ka ba, kuma ba zan bayar ba, don da ƙafata na je na ga amsar.

Teku ce.